Filin Tambayoyinku: Yadda Za a Riƙe Yaran Marasa Ƙarfi a Makaranta

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk sun taru a kan abu ɗaya, wato yaron da aka riga aka sa a makaranta amma yana neman suɓucewa. Kamar kullum, mun sakaya sunayen masu tambaya.

Tambaya: Assalamu alaikum. Maigidana ya rasu shekara biyu da suka wuce, ya bar ni da yara huɗu a Rigasa. Awara nake soyawa, babbar 'yata mai shekara 12, wadda ke aji biyar, ita ke fita mini talla. Malaminta ya aiko cewa fashinta ya yi yawa. In ta zauna a aji ba mu ci ba, in ta fita talla karatu ya tafi. Yaya zan yi?
Daga wata uwa, Rigasa

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan maigida, ya raya abin da ya bari. Malama, ba za mu ce miki ki daina sana'a ba, don mun san da ita ake ɗora tukunya. Abin da za a gyara shi ne lokacin talla da wanda ke ɗaukar farantin.

Ki fara da lissafi na mako guda. Kullum ki ware cinikin safe daban, na yamma daban, ki cire kuɗin waken suya, mai, niƙa, itace ko gawayi, yaji da leda. Abin da ya rage daga cinikin safe shi ne ainihin abin da kike saye da karatun yarinyar. Sau da yawa idan aka yi wannan lissafi sai a ga ribar safe ba ta taka kara ta karya ba, domin awara abincin yamma ce, sai kuma lokacin tara a ƙofar makarantu. In haka ne, cinikin safe yana da hanyoyi uku da ba su buƙatar ƙafarta. Ki ajiye tebur a ƙofar gida ki zauna da kanki. Ko ki ba matar da ke sayar da abinci a ƙofar makaranta sari, ta ci 'yar riba ke ma ki ci. Ko ki daidaita da mai shago ko mai shayi na layinku ki riƙa kai masa adadi sananne, a biya ki da yamma. Ribar kowace awara za ta ragu kaɗan, amma babu kwantai, babu kuɗin da ya faɗi a hanya.

In dole sai ta taimaka, to bayan an tashi makaranta, ta ci abinci ta huta, daga la'asar zuwa kafin magariba. A cikin unguwa, tare da wata, a layukan da aka san ta. Ban da tasha, ban da gareji, ban da shiga ɗaki ko cikin shago da sunan karɓo canji. Wannan sharaɗi ki maimaita mata shi har ta gaji da ji. Kuma in ta dawo da kwantai ko kuɗi bai cika ba, kada ki doke ta, domin tsoron dukan kwantai ne ke sa yarinya ta kai dare a waje ko ta karɓi kuɗin wanda bai kamata ba.

Ki je makarantar da ƙafarki, kada ki aika. Ki faɗa wa malamin da hedimasta gaskiyar halin da ake ciki, ki roƙi kada a soke sunanta daga rajista, ki tambayi darussan da suka wuce ta. Ki nemi a haɗa ki da matan da ke cikin kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC. A tsarinsa akwai wakilan mata da na masu unguwa da malaman addini, kuma irin matsalarki na cikin aikinsu.

Abu biyu na tafe nan gaba kaɗan, gara ki shirya musu. Na farko jinin al'ada. Yarinyar da ba ta da abin tsare kanta, ga banɗakin makaranta babu ƙofa babu ruwa, za ta riƙa fashin kwana uku ko huɗu duk wata ba tare da ta faɗi dalili ba. In audugar mata ta yi tsada, ki tanadar mata ƙyallaye masu laushi na auduga guda biyar ko shida, ta riƙa canzawa bayan awa huɗu zuwa shida, a wanke da sabulu, a shanya a rana sosai, kada a ɓoye su da danshi a ƙarƙashin katifa. Na biyu shi ne tsallakawa daga aji shida zuwa ƙaramar sakandare, wanda nan ne 'yan mata da yawa ke tsayawa, saboda nisa da sabon yunifom da maganar kayan ɗaki. Shirin AGILE na ilimin 'yan mata da Bankin Duniya ya amince da shi a 2020, wanda Kaduna na cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, an gina shi ne don wannan mataki, kuma cikin ayyukansa akwai tallafin kuɗi ga gidajen 'yan mata marasa ƙarfi bisa sharaɗin zuwa makaranta. Idan lokaci ya yi ki tambayi shugaban sakandaren ko makarantarsu na ciki. Duk wanda ya ce ki ba shi kuɗi ya sa sunanta, kada ki ba shi.

Tambaya: Mu ƙungiyar matasan unguwa ce a Tudun Wada, yawancinmu 'yan kasuwa ne da masu sana'ar hannu. Bara mun tara kuɗi mun raba wa iyayen marayu goma sha biyar a farkon shekarar karatu, muka ɗinka musu yunifom. Kafin ƙarshen zango na biyu kusan rabinsu sun daina zuwa. Gwiwar mutane ta yi sanyi. Ina muka kuskure?
Daga sakataren wata ƙungiya, Tudun Wada, Kaduna

Amsa: Allah ya saka muku da alheri, kuma kada gwiwa ta yi sanyi, don kuskuren naku mai gyaruwa ne. Kun ba da taimako sau ɗaya ga matsalar da ke zuwa kullum safiya. Kuɗin da aka damƙa wa gidan da babu abinci, ko ake bin su kuɗin haya, ko wani na kwance, ba zai kai mako biyu ba, kuma ba cin amana ba ne, larura ce ta fi kusa. Yunifom kuwa yana kai yaro ƙofar makaranta ranar farko kawai.

Ku fara da komawa gidajen waɗanda suka daina zuwa, ɗaya bayan ɗaya, mutum biyu, kuma in uwa za a gani a tafi da mace. Kada ku je da fuskar bin bashi. Tambaya ɗaya ce: ranar da ya fara fashi, me ya faru? Za ku ji amsoshi daban-daban. Wani takalminsa ya tsinke aka kore shi. Wani littafin rubutunsa ya cika. Wata an mayar da ita wajen goggonta a wata unguwa. Wani ba ya karyawa, sai ya tafi neman na abinci. Wani ba ya gane komai a aji. Kowace amsa da maganinta, kuma yawancinsu ba su kai kuɗin yunifom ɗin da kuka ɗinka ba.

Sannan ku sake tsari. Ku rubuta abin da yaro ɗaya ke ci a zango ɗaya da farashin yau na kasuwa: littattafan rubutu, biro da fensir, sabulun wanki, gyaran takalmi, kuɗin tara na kowace ranar makaranta, kuɗin mota in makarantar na da nisa, audugar mata ga 'yan mata manya. Ku ninka sau uku, tunda zango uku ne a shekara, ku ƙara yunifom da takalmi da jaka, sannan ku ɗora kashi ɗaya cikin goma a kai saboda rashin lafiya da tashin farashi. Yanzu ku raba abin da kuka tabbata za ku iya tarawa a shekara da wannan adadi. In lissafi ya ba ku yara shida, ku ɗauki shida. Ɗaukar shida a kai su ƙarshen ƙaramar sakandare ya fi ɗaukar goma sha biyar a sake su a tsakiyar kogi, domin yaron da aka yi wa alkawari aka janye yana da wuyar dawowa karo na biyu.

Kayan karatu ku saya da kanku a sari, ku riƙa bayarwa kaɗan-kaɗan, littafi ya cika a kawo a gani a ba da sabo. Wannan ma hanya ce ta duba ko ana rubutu a aji. Kuɗin tara kada a ba da na wata guda a dunƙule. Ko a ba uwa mako-mako, ko a yi yarjejeniya da wata mai abinci mai tsafta a ƙofar makaranta ta riƙa ba yaran ƙosai da kunu ko ɗanwake, a biya ta ranar da kuka tsayar. Kada ku raina maganar abinci. Lokacin da gwamnatin jiha ta fara ciyar da 'yan firamare a watan Janairun 2016 kowa ya ga yadda azuzuwa suka cika maƙil. Amma an kuma ga wasu yaran na cin abinci su kama hanyar gida, abin da ke nuna cewa abinci na kawo yaro, sai dai ba shi kaɗai ke zaunar da shi ba.

Abin da ya fi kuɗin muhimmanci shi ne kowane yaro ya sami mutum ɗaya a cikinku da ke da alhakinsa. Ɗan ƙungiya ɗaya, yara biyu, kada su wuce uku. Ya karɓi lambar malamin ajin, ya leƙa makaranta sau ɗaya a mako biyu ya duba rajista da idonsa, ya buɗe jakar yaron. 'Yan mata a ba mata, matanku ko ƙannenku, kuma kowace ganawa a yi ta a fili, a gida gaban uwa ko a makaranta.

Roƙo ɗaya muke yi muku da babbar murya: ku daina jera marayu a ɗauki hoto ana miƙa musu kaya a sa a Facebook. Yaro ɗan shekara goma ya san kunya, kuma gorin da abokansa za su yi masa washegari ya isa ya hana shi zuwa. Masu ba da gudummawa a nuna musu rasit da littafin lissafi a taron wata. Game da zakka kuma, ku ware ta daga asusun ƙungiya, ku tuntuɓi malamanku kan yadda za a miƙa ta ga masu haƙƙi, a bar sadaka da karo-karo su ɗauki hidimar yau da kullum.

Tambaya: Ni malamin aji huɗu ne a wani ƙauye a ƙaramar hukumar Soba. Da damina ta kankama aji ke raguwa, lokacin kaka kuma sai ya kusa zama kango. Ranar kasuwa ma haka. Wasu in sun tafi ba su dawowa.
Daga wani malami, Soba

Amsa: Malam, makaminka na farko yana kan teburinka, wato rajista, in ana kiran suna da gaske ba cikewa ake yi ranar ƙarshen mako ba. Ka kira suna sau biyu, da safe da bayan tara, saboda masu zamewa. Duk ƙarshen mako ka fitar da sunayen waɗanda suka yi fashin kwana uku a jere, ko kwana biyar a cikin wata, ka rubuta ranakun a gefe. Ranakun da kansu za su gaya maka dalili: mai fashin ranar kasuwa kaɗai daban, mai fashin lokacin noma da girbi daban, wanda nasa ba shi da tsari kuwa ka fara zargin zazzaɓi ko yunwa.

Kada fashi ya kwana bakwai ba a taka gidan ba. Yaron da ya yi mako biyu a waje ya riga ya sami abin yi, darasi ya wuce shi, ga tsoron bulala in ya dawo. Ka tafi da ɗan kwamitin SBMC ko wakilin mai unguwa. A gidan manomi kada ka ce a bar gona, ba za a saurare ka ba. Ka nemi sulhu: yaro ya zo makaranta da safe ya tafi gona bayan an tashi da ranakun hutu, in kuma aiki ya matse kamar ranar casar masara, a sanar da kai, ya yi kwana biyu ya dawo. Liman ya yi magana a kai ranar Juma'a tun kafin shuka, dagaci ya ƙarfafa.

Wanda ya dawo bayan dogon fashi, a karɓe shi ba duka ba tsawa, a haɗa shi da wani mai ƙoƙari ya kwafi abin da ya wuce. Sabon darasi mai nauyi kuma ka guji fara shi ranar kasuwa, ka mayar da ita ranar bita. In fashin na tsoro ne, wanda tun bayan sace ɗaliban makarantar Kuriga ta jihar Kaduna a watan Maris na 2024 ba wanda zai ga laifin iyaye a kai, to wannan ya wuce malamin aji. A zauna da hedimasta da dagaci da jami'an tsaro a tsara tafiya rukuni-rukuni da rakiyar manya da wanda za a kira in an ga baƙuwar fuska.

Tambaya: Ɗana yana aji biyar, shekararsa 11, amma ko sunansa da ƙyar yake rubutawa. Yanzu in ya fita da yunifom sai a gan shi wajen masu gyaran babur. Na yi duka har na gaji. Ni lebura ne, ba ni da kuɗin makarantar kuɗi. Ko in bar shi ya koyi sana'ar kawai?
Daga wani uba, Kawo

Amsa: Malam, ka ajiye bulalar tukuna. Yaron da ya shekara biyar yana zaune a aji ana magana ba ya ganewa, ana kiransa daƙiƙi, ya sami wurin da in ya miƙa sifana ake ce masa sannu, ba abin mamaki ba ne ya zaɓi can. Gudun da yake yi alama ce, sai a nemo ciwon.

A fara da jikinsa. Ka rubuta manyan haruffa ko ka zana siffofi a kwali, ka tsaya taku shida zuwa bakwai daga gare shi, ya rufe ido ɗaya ya faɗa, sannan ɗayan. Ka lura ko yana ƙanƙance ido ko yana kai littafi dab da fuska. Sai kunne: ka tsaya bayansa kamar tsawon hannu, ka faɗi kalma cikin raɗa ya maimaita, kowane kunne daban. Kunnen da ke zubar da ruwa ko mugunya ba abin bari ba ne, yana rage ji sannu a hankali. Mu a Kaduna mun yi sa'a, Cibiyar Ido ta Ƙasa da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa duk a garin nan suke, amma ka fara da asibitin sha-ka-tafi na unguwa su duba su tura ka. A can kuma ka tambayi maganin tsutsar ciki, wanda ake ba yaran makaranta sau ɗaya ko biyu a shekara, a duba ko yana da ƙarancin jini, domin yaron da jininsa ya yi ƙasa kullum a gajiye yake, barci yake a aji. In an taɓa cewa yana da sikila ko farfaɗiya, malaminsa ya sani.

In jiki lafiya, a gwada karatunsa, da Hausa, cikin raha, minti biyar ya isa. Mataki biyar ne: haruffa goma a warwatse, sai gaɓoɓi irin ba, ki, mu, sai kalmomi gajeru irin gida, rago, tulu, sai jimloli huɗu, sai ɗan labari. Inda ya tsaya, daga nan za a fara, ko da yana aji biyar. Wannan ita ce hanyar da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta shahara da ita, a koyar da yaro daga inda ya tsaya ba daga lambar ajinsa ba, kuma ba baƙuwa ba ce a wurinmu, don a makarantar allo ma ba a kai yaro farfaru sai ya san babbaƙu. Hausa kuma yadda ake faɗa haka ake rubutawa, shi ya sa yaron da ya kama haruffa da wasula biyar yakan fara haɗa kalma da wuri, daga nan Turanci ya zo masa da sauƙi.

Ka nemi wani ɗan sakandare ko malamin Islamiyya mai haƙuri a unguwa, a haɗa yara biyar zuwa takwas masu irin matsalar, minti arba'in zuwa awa ɗaya kullum, kwana biyar a mako. Kayan aiki kwalin taliya ne a yanka a rubuta haruffa, da gawayi ko alli, da murafen kwalba ko tsinken tsintsiya na lissafi. A sake gwajin bayan mako huɗu. Kurakuran da ke ɓata wannan aiki su ne haddar a, b, c da waƙa ba tare da nuna harafin ba, sa yaro kwafar allo alhali ba ya iya karanta abin da ya kwafa, da haɗa shi da ƙannensa ƙanana har ya ji kunya.

Sana'a kuwa kada ka raba shi da ita, ka mayar da ita lada. Ka je wajen mai garejin ku yi magana ta manya: ba zai karɓe shi ba sai bayan an tashi makaranta da ranakun hutu, in ya gan shi da safe ya kore shi ya kira ka. Ka nuna wa yaron cewa makanikin da ke karanta lambar kayan gyara, ya rubuta rasit, ya duba saƙon banki a waya, shi ke zama mai gareji.

Tambaya: An koro jikata daga makarantar gwamnati saboda ba mu biya kuɗin da aka ce na jarrabawa da na alli ba, kuma an ce sai mun kawo takardar haihuwa.
Daga wata kaka, Kakuri

Amsa: Hajiya, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara tara, shida na firamare da uku na ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma dole ne a makarantun gwamnati. Dokar ta sa hukunci a kan iyayen da suka ƙi kai yaro, ta kuma sa tara ko ɗauri a kan wanda ya karɓi kuɗi a kan abin da ta ce kyauta ne. Jihar Kaduna ma tana da dokar kare haƙƙin yara tun 2018. Iyaye na iya yin karo-karo da yardarsu don gyaran rijiya ko benci, amma ba a korar yaro a kansa.

Ki je wajen hedimasta cikin mutunci tare da shugaban SBMC ko mai unguwa, ki nemi ta koma aji a ranar. In an ƙi, ki kai maganar ofishin Sakataren Ilimi na ƙaramar hukumarku, a rubuce, da sunan yarinyar da ajinta da ranar da aka koro ta, ki riƙe kwafi ɗaya. Sama da shi akwai hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, wato SUBEB. Takardar haihuwa kuma Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ke bayarwa, tana da wakilai a sakatariyar ƙananan hukumomi da asibitoci da dama. Ki tafi da katin rigakafinta in yana nan, ki kuma roƙi makaranta ta bar ta a aji kafin takardar ta fito.